Yadda ake saƙa gyalen wuya na raga da keken wibin, babu yadi sai zare

Tun da aka fara ganin siririn gyalen nan mai kama da leshi a wuyan mata wurin biki, tambayar da ake yawan yi mini ita ce ko da kwarashi aka saƙa shi. Ba da kwarashi ba ne. Keken wibin ɗin da muke kashe bakin yadi da shi kullum, wanda wasu telolin Maradi ke kira surfilaj, shi ne ke yin aikin. Duk wadda ta taɓa taka wannan keke ta san idan yadi ya ƙare aka ci gaba da takawa, sarƙar zare ce ke fitowa ta baya. To wannan sarƙar ake jerawa layi kan layi, allura tana kama bakin layin da ya gabata, har faɗi ya samu. Ga yadda ake yi daga farko har ƙarshe. Da mata nake magana don su suka fi tambaya, amma maza teloli ma aikin ɗaya ne.

1. Duba irin keken da ke gabanki

Zare 3 ake aiki da shi: allura ɗaya, da ƙugiyoyi biyu da masu gyaran keke ke kira lufa, ta sama da ta ƙasa.

Idan kekenki mai zare 3 ne, irin ƙaramin nan da ya cika shaguna, babu abin da za ki cire a wurin allura. Idan mai zare 4 ne, cire allurar dama ki bar ta hagu, domin ita ce ke ba da ɗinki mai faɗi, kuma faɗin shi ne kyan raga. Idan kuwa babban keken kamfani ne mai zare 5, irin Juki, Siruba ko Jack, abin ya juya: allurar hagu ce ke yin ɗinkin sarƙa na daban, don haka ita za ki cire tare da zarenta na ƙasa, ki bar ta dama.

Hattara: bayan kin zare allurar da ba ki so, ki ɗaure ɗan kusar da ke riƙe ta. Idan kika bar shi sako-sako, girgizar keke za ta jefa shi cikin injin.

Sa sabuwar allura mai lamba 90, wato 14. Manyan kekunan kamfani yawanci DCx27 suke ci, na gida kuma HAx1 ko ELx705. Allurar da ta ɗan lanƙwashe ko bakinta ya dakushe tana iya wucewa a wibin ɗin atamfa ba a gane ba, amma a nan za ta riƙa tsallake, kuma duk tsallake rami ne a jikin gyale.

2. Kayan aiki da abin da za su ci miki

Zaren allura: zaren ɗinki na roba na yau da kullum, mai launin da ya yi kusa da na ragar. Kada ki sa na ado a allura, tsinkewa zai riƙa yi.

Zaren ƙugiyoyi: nan ne ado yake. Zaren siliki mai sheƙi da masu aikin wuyan riga ke amfani da shi ya yi daidai, sai dai siriri ne. Idan guda kika sa, gyalen zai fito shara-shara marar jiki. Ni na fi son a haɗa biyu a ƙugiya ɗaya, a zura su tare kamar zare guda. In kin samu zare mai kauri da zai wuce idon ƙugiya ba tare da tirjiya ba, ya fi. Zaren ulu na saƙar hular jarirai bai shiga, kada ki wahalar da kanki.

Zaren silikin nan iri biyu ne a kasuwa. Akwai na roba, mai ƙarfi, da wuya ya zuba. Akwai rayon, ya fi laushi da kyan faɗuwa a wuya, amma yana rauni idan ya jiƙe. Kafin ki sayi da yawa, yanki ɗan guntu ki jiƙa shi ki murza a farin tsumma. Idan ya bar launi, to zai ɓata farar rigar mai shi ranar da zufa ta kama ta.

Abin ɗora layin farko: mafi kyau shi ne takardar nan mai narkewa a ruwa da masu aikin kwamfuta, wato masu yi wa riga ado da keken kwamfuta, ke shimfiɗawa kan yadi. Iri biyu ce, wata kamar leda, wata kamar siririn yadin da ake liƙa wa wuyan riga. Ta biyun ta fi daɗin aiki, don ba ta mannewa a ƙafar keke. Ki fara tambayar masu aikin kwamfuta da masu kayan teloli a Babbar Kasuwar Maradi. In babu, ki ba masu zuwa Katsina ko Kano saƙo. Amma ban ga dalilin da zai sa ki zauna jiranta ba. Siririn tsagin net, ko shifon, ko ribon mai laushi mai faɗin santimita 3 zuwa 4 zai yi, sai dai shi zai zauna a tsakiyar gyalen har abada, don haka ki zaɓi launin da ya dace.

Sauran kaya: ƙaramin almakashi mai kaifi, matsefata, sukundireba, tef ɗin awo, allurar hannu mai babban ido, fil, tawul, da roba mai tsabta.

Ga lissafin zare. A ce gyale mai tsawon santimita 180, da geza santimita 20 kowane gefe, kowane layi ya zama mita 2 da santimita 20. Layi 40 ya kama mita 88 na ɗinki. Wibin mai zare 3 yana cin kimanin mita 14 zuwa 18 na zare a kowace mita ta ɗinki, ya danganta da faɗi da tazarar ɗinkin. Ke nan gyale ɗaya zai sha abin da ya kai mita 1,400, kuma mafi yawansa ƙugiyoyi ne ke sha, kowace kusan mita 550 zuwa 600. In kin ninka zare biyu a ƙugiya, sai ki ninka lissafinta. Babban kwarkwaro mai mita 5,000 zai fitar miki da gyale kusan 8. A misali, idan kowane kwarkwaro jika ɗaya da rabi, wato sefa 1,500, kika saye shi, uku sun tashi sefa 4,500, zaren gyale guda bai kai sefa 600 ba. Farashin gaske yana tafiya da canjin naira da sefa, sai ki sa naki a gurbin wannan. Ki kuma duba abin da aka rubuta a cikin kwarkwaron, wasu da yadi ake lissafa su ba da mita ba, kuma yadi 5,000 bai wuce mita 4,572 ba.

3. Kawar da wuƙa

Wannan mataki ba a tsallake shi. Wasu na cewa za su riƙa kauce wa wuƙar da hannu. Layi biyu ko uku za ki kauce, na huɗu ta datse miki bakin raga, kuma inda ta datse warwarewa zai yi.

A kekunan gida akwai maɓallin da ake murzawa wuƙar sama ta kwanta. A na kamfani da ƙananan na shago, kwance ta ake yi da sukundireba. Kashe keken ki zare shi daga wuta tukuna. Injin babban keke yana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe, ki jira ya yi shiru. Ɗauki hoton wurin da wayarki kafin ki taɓa komai, sannan ki kwance wuƙar sama kaɗai, ki nannaɗe ta a tsumma tare da kusarta. Bakinta yana da tauri amma in ta faɗi kan siminti tana ɓantarewa. Wuƙar ƙasa a bar ta inda take.

Idan keken na mai shago ne, ba naki ba, ki nemi izini. In kuma ba ki taɓa kwance wuƙa ba, kira mai gyara ya yi a gabanki sau ɗaya ki gani.

Tunda keken a buɗe yake, share gashin yadin da ya taru a haƙora da ƙugiyoyi, ki goge mai. Ki bi tsohon tsumma da wibin har sai ya fito babu tabon mai. Farin zare ba ya yafe wannan.

4. Zura zare

Ƙugiyar sama da farko, sai ta ƙasa, allura ce ƙarshe. Haka yawancin kekuna suke so, kuma akwai zanen hanyar a jikin murfin. Idan zaren ƙugiyar ƙasa ya tsinke ana cikin aiki, zare zaren allura daga idonta kafin ki sake zura na ƙasan, in ba haka ba za su sarƙe ya sake tsinkewa nan take.

Hanya mai sauƙi: yanke tsohon zare kusa da kwarkwaro, ƙulla sabon a jikinsa, sassauta maɗaurin zare, wato abin da ake murɗawa ya matse zare, ki ja a hankali har ƙullin ya fito. Na ƙugiya zai wuce. Na allura kuwa ki yanke ƙullin kafin ya kai ido.

Zare mafi kyau ko mafi kauri, ƙugiyar sama ake ba shi, don hanyarsa ta fi gajarta, bai cika gogewa ba. Mai ƙyalli irin na zinari ma can ne wurinsa. Zaren siliki yana da santsi, yakan zubo ya taru a gindin kwarkwaro ya harɗe. Yanki tsohuwar safa siririya ki sa wa kwarkwaron kamar riga, zaren ya riƙa fita ta sama.

5. Saiti da gwaji

Tazarar ɗinki: buɗe ta, milimita 3 zuwa 4, ko iyakar abin da kekenki ke bayarwa. Faɗi ma ki kai shi ƙarshe. Maɗaurin allura a bar shi yadda yake. Na ƙugiyoyi biyu ki sassauta kaɗan-kaɗan, musamman in zaren mai kauri ne ko ninki biyu, har ki ga zaren sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai a baki, zobban suna kwance a buɗe. Idan kekenki yana da saitin haƙoran gaba da na baya, sa shi a tsakiya, inda aka rubuta N ko 1.

Gudu ma saiti ne. Babban keken kamfani yana iya yin ɗinki sama da 5,000 a minti, wannan aiki kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na wannan bai buƙata. Mai injin sabon yayi da ake rage wa gudu da maɓalli, ta rage. Mai tsohon injin kuma sai ta koya wa ƙafarta taɓa feda sama-sama.

Yanzu yi gwaji a guntu mai tsawon santimita 30, ki jera layi 10 yadda zan bayyana a ƙasa. Auna faɗin da suka ba ki. Galibi kowane layi yana ƙara kusan milimita 4, wato layi 10 santimita 4, layi 40 santimita 16. Naki keken zai iya bambanta, kuma daga wannan awon ne za ki san layi nawa za ki yi. Ja guntun ta tsawo da ta faɗi ki ga ko layukan sun riƙe juna. In da takarda mai narkewa kika fara, wanke shi ma ki gani. Rubuta lambobin saitin a takarda ki liƙa jikin tebur, domin a shagon da ake haɗa keke, da kin tashi salla wani zai zo ya murɗa.

6. Layin farko

Yanki takardar mai narkewa, faɗi santimita 5, tsawo 180. In mai kama da leda ce kuma siririya, ninka ta biyu. Idan tsawon bai kai ba, ɗora bakin wata kan wata, ki ɗan shafa danshi da kan yatsa, za su manne.

Hattara: wannan takarda ba ta shiri da zufa. Tafin hannu mai gumi zai sa ta yi yauƙi ta liƙe. Da damina ki riƙa ajiye ta cikin leda a ɗaure, da hunturu ma haka, don bushewar iska tana sa ta ƙeƙashe ta riƙa tsagewa.

Taka keken babu komai har sarƙa ta fito santimita 20. Wannan ita ce gezar farko. Riƙe ta ta baya da hannun hagu, shigar da takardar, ki bi bakinta har ƙarshe, sannan ki ci gaba da takawa sarƙa ta sake fita santimita 20, ki yanke da almakashi. Don kada ki riƙa ɗaukar tef kowane layi, liƙa alama a tebur bayan keke daidai santimita 20 daga allura.

Mai amfani da net ko ribon, ta bi gefe ɗaya, ta juyo ta bi ɗaya gefen. Ta samu layi biyu ke nan, kuma daga nan za ta riƙa ƙara ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

7. Jera sauran layuka

Duk gyalen a nan yake, saura shiri ne da gyara.

Ɗauki aikin ki kifa shi kamar yadda ake juya waina a tanda, abin da ke sama ya koma ƙasa, ƙarshen da kika fito ya zama mafari. Bakin da zobban zare suke ya kasance ta dama, sauran jikin ta hagu. Dalilin juyawar biyu ne. Idan kullum daga gefe ɗaya kike farawa, gyalen zai riƙa karkata har ya lanƙwashe, kuma guga ba ta miƙar da shi. Na biyu, in launin ƙugiyar sama ya bambanta da na ƙasa, juyawar ce ke sa launukan su riƙa musanya, gyalen ya zama ba shi da gaba ba shi da baya.

Fitar da sarƙa santimita 20, sannan ki kawo bakin layin farko ƙarƙashin ƙafar keke. Inda allura za ta sauka shi ne abin lura: cikin zobban layin da ya gabata, milimita 1 zuwa 2 daga baki. Duƙa ki duba da kyau. A bakin kowane layi akwai wurin da zaren sama ya rungumi na ƙasa, ya yi ɗan tudu siriri. Allura ta faɗa bayan wannan tudun kaɗan, ta yadda tudun zai shiga cikin sabon ɗinki, sauran faɗin sabon layin kuma ya saƙu a iska ta dama. Juya keken da hannu ɗinki huɗu ko biyar na farko, har ki tabbata ta kama.

Ƙafar keke tana rufe wurin, ba za ki riƙa ganin allura sosai ba. Wasu ƙafafun suna da ɗan zane a gaba da ke nuna saitin allura. In naki babu, ɗiga jan farce ko ki ja layi da alƙalami a kan ƙafar daidai gaban allura. Daga nan wannan alamar za ki riƙa kallo, kina bin bakin raga ya wuce ta gefen damanta kaɗan. Ido a kan alama, ba a kan allura ba.

Hannun dama yana gaba yana daidaita baki, na hagu yana baya yana karɓa. Karɓa kawai, ban da ja. Haƙoran keke ba su samun abin kamawa da yawa a nan, sai mutum ya ji kamar ya taimaka musu. In kika ja, zobba za su miƙe, layin ya fi na baya tsawo, allura kuma ta lanƙwashe ta bugi ƙugiya. Tafi tsawon tafin hannu, tsaya, gyara, ki ci gaba. Gyalen da ya riga ya fito kada ki bar shi yana lilo daga tebur, nauyinsa ma ja ne. Tara shi a kan tebur ko a cinyarki.

Layi biyar na farko su suka fi wuya, don abin riƙewa kaɗan ne. Daga na goma hannu ya gane hanya.

Abubuwan da ke faruwa a wannan mataki:

Rami tsakanin layi biyu. Allura ta kauce ta faɗa waje. Bayan kowane layi, ɗaga gyalen a haske ki ɗan buɗa shi, za ki gani. Ƙaramin rami ki ɗinke shi da allurar hannu da zaren ƙugiya, ki ɓoye ƙullin cikin tudu. In ya kai tsawon yatsa, gara ki warware layin: tsinke zaren allura nan da can ki zare shi, na ƙugiyoyi za su zube da kansu. Kada ki bari sai kin ɗora layi biyar a kai.

Layi mai kauri da tauri. Allura ta shiga ciki da yawa, sabon layi ya hau kan tsohon. Ba ya warwarewa, amma faɗi ba ya ƙaruwa, kuma wurin yana fita daban a ido.

Baki yana tattarewa yana igiyar ruwa. Ko tazarar ɗinki ta ragu, ko ana ja. Duba saiti. Mai haƙora biyu ta ɗan ɗaga saitin zuwa 1.3.

Zobba suna taruwa a kan ɗan yatsan ƙarfen da ke gefen allura, ba su zamewa baya. Yawanci maɗaurin ƙugiya ne ya yi tsauri, ko ba a riƙe sarƙar farko ba. Tsaya nan take, ɗaga allura, ki zame su baya da matsefata. Ci gaba da takawa a kan tari shi ke karya allura.

Wuta ta ɗauke a tsakiyar layi. Kada ki zare aikin. Saukar da allura cikin raga da hannu, ki rufe keken da zane har ta dawo.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: kaushin hannu. Lokacin hunturu da yatsu ke fashewa, zaren siliki yana maƙalewa a fata ya fizgo zobe. Ki shafa mai tun da dare, da safe ki wanke hannu kafin ki zauna, ki cire zobe da awarwaro, ki kuma goge bakin farce.

Canza launi kuwa a ƙarshen layi ake yi, cikin geza, inda ƙulli ba zai shiga jikin gyale ba. A ganina launi biyu masu kusanci, kamar ruwan toka da azurfa, ko ruwan ƙasa da ruwan zinari, sun fi fito da saƙar. Launi da yawa yana ɓoye ragar, ido ya tafi kan launin. Masu anko dai abin da suka kawo shi za a bi.

Idan kina son baki mai tattara da gangan, layuka uku na ƙarshe ki riƙa rage tazara, 3, sai 2.5, sai 2. In miƙaƙƙen baki kike so, kada ki taɓa saiti har ki gama.

Mai hannu za ta gama layi 40 cikin awa biyu ko kusa da haka. Sabuwa ta ware rabin wuni, kuma da rana, don hasken fitila ba ya nuna zobban baƙin zare.

8. Geza

Kafin ruwa ya taɓa gyalen, ƙulle geza. Shimfiɗa shi a tebur, ɗauki sarƙoƙi huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ki yi ƙulli ɗaya ki tura shi har ya matse da jikin raga. Wannan ƙullin shi ke hana bakin layuka buɗewa. Daga nan daidaita tsawon da almakashi, ki ƙulle kan kowace sarƙa da ɗan ƙaramin ƙulli, domin sarƙar wibin tana warwarewa daga inda aka yanke ta. Aiki ne mai cin rai, sarƙa 80 ce, amma yara masu koyo za su iya taya ki.

Kada ki ƙona bakin da ashana. Na roba zai dunƙule ya yi baƙi yana sukar wuya, rayon kuma kamawa yake yi da wuta kamar auduga.

Wadda ba ta son geza, ta zura kowace sarƙa a allurar hannu ta mayar da ita cikin layinta tsawon santimita 3, ta yanke saura.

9. Wanki, shanya da guga

Wadda ta fara da net ko ribon ba ta da abin narkarwa, ta wuce kan guga.

Mai takarda ta yanke abin da ya yi saura kusa da layin farko, a hankali kada almakashi ya ci zare. Guntayen kada a zubar, in aka narkar da su a ruwa suna zama sitaci mai kyau. Jiƙa gyalen a ruwa mai ɗumi kaɗan na minti 10 zuwa 15, sai dai in an rubuta wani abu daban a jikin ledar takardar. Motsa shi da yatsu, zubar, sake sabon ruwa sau biyu ko uku, har santsi ya bar hannunki. Idan kika bar saura, gyalen zai bushe da tauri, kuma ranar da aka yi zufa ya riƙa danƙo a wuya.

Ban da murɗawa. Shimfiɗa shi a tawul, naɗe, danna ruwan ya fita. Sannan ki shimfiɗa shi a kwance kan busasshen zane, ki ja shi ya miƙe daidai, faɗinsa ya zama ɗaya tun daga sama har ƙasa, ki kafe gefuna da fil. Yadda ya bushe haka zai zauna. Kada a rataya shi a igiya, zai yi tsawo ya tsuke. A cikin ɗaki ake shanya shi, saboda ƙurar Maradi da kuma rana mai cin launi.

Guga da wuta kaɗan, a ɗora siririn farin zane a kai, a riƙa dannawa ana ɗagawa, ban da gogawa. Dutsen guga na gawayi yana da wuyar sarrafa zafi, in shi ne da ke, bari ya huce sosai ki fara gwadawa a guntun gwajin nan.

10. Mayar da keke da sa kuɗi

Zare wuta, mayar da wuƙar sama yadda take a hoton. Juya keken da hannu har wuƙar ta sauka iyakarta, bakinta ya gota bakin ta ƙasa, ya sauka ƙasa da shi da kamar rabin milimita zuwa ɗaya, sannan ki ɗaure. Mayar da allurar da kika cire da saitin da aka saba, ki gwada a guntun atamfa ki ga yanka ya fita tsaf kafin wani ya zo da ɗinkin mutane.

Wajen sa kuɗi, zare ba shi ne abin lissafi ba, lokacinki ne. Duba abin da za ki samu a awa biyu ko uku kina ɗinkin da kika saba, ki ɗora kuɗin zare, takarda, allura da wuta. In anko ne na mutum goma, saiti ɗaya ne da zare ɗaya, za ki iya sassautawa, amma ki karɓi kuɗin zare tun farko, ki kuma sayi launin gaba ɗaya lokaci guda, don kwarkwaro biyu masu lamba ɗaya daga kaya daban-daban sukan ɗan bambanta.

Ki gaya wa mai saye gaskiyar abin da ta saya. Ado ne na wuya ko na kafaɗa a kan abaya ko hijabi, ba ya rufe jiki. Da hannu ake wanke shi, ba a haɗa shi da kaya masu zif ko maɗauri. In ɗan kunne ya fizgo zobe kada ta yanke, ta ja ragar ta kowane gefe a hankali zaren zai koma, abin da ya rage ta tura shi ciki da allura.